Da ɓargon jikina aka yi mini maganin sikila

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wata goma sha biyar ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Har an kira Inna ana tambaya a kaikaice ko ina raye. Ina nan, kuma yau zan faɗi inda na shiga.

Ina shekara huɗu hannuwana suka fara kumbura. A Garwa aka yi ta cewa amosani ne, aka yi ta ba ni jiƙo. Sai da ƙanwata Zainabu ta fara irin nawa aka kai mu lopital, wato asibiti, gwaji ya nuna mu duka biyu SS ne. Zainabu ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya.

Ni na rayu, na yi karatu, na zama malamar lissafi a lise, wato sakandaren Ngong. Amma da wuya in yi wata biyu ban kwanta ba. Ƙarin ruwa, allurar kashe zafi, neman mai ba da jini. Wanda bai taɓa jin ana sassaƙa masa ƙashi yana kallo ba, ba zan iya kwatanta masa ba.

Wata rana ina tsaye gaban allo, alli ya suɓuce daga hannuna, bakina ya karkace. Abin ya sake ni bayan 'yan sa'o'i, amma likita ya ce gargaɗi ne, na gaba zai iya shanye mini ɓarin jiki.

Yayana Umaru ma'aikacin jinya ne a Faransa. Shi ya ji labarin wani bincike da ake ɗaukar masu sikila mai tsanani. An fara gwada ko ɓargonsa zai dace da nawa a yi mini dashe, bai dace ba. Sai ya tura takarduna. Wata bakwai muna jira kafin su amsa cewa sun ɗauke ni.

Ga yadda likitar da ke jagorantar binciken ta bayyana mini, da Faransanci, na juya wa iyayena da Hausa. A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai umarnin da muka gada daga uwa da uba. Nawa umarnin na haɗa jini yana da kuskure a wuri guda, shi ya sa ƙwayoyin jinina ke lanƙwashewa kamar lauje suna toshe jijiya. Za a tatso ƙwayoyin da ke haifar da jini daga ɓargona, a saka musu umarni mai kyau a ɗakin gwaji, a mayar mini da su.

Baba ya ƙi. Shekara arba'in yana sayar da atamfa a babbar kasuwa, ba ya sayen abin da bai juya bayansa ba. Ya ce wannan taɓa halittar Allah ne. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa hana ni abu kai tsaye ba sai ranar.

Ban yi kuka ba. Na rubuta tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, na tura wa likitar. Na wani za a sa mata? A'a, nata ne. Kamanninta ko halinta zai canza? A'a, jini kawai. Zai bi 'ya'yanta? A'a. Ya ɗauki takardar ya kai wa malaminsa, aka kwana uku.

Rana ta huɗu ya kira ni zaure. Ya ce, "Uwata, na binne ɗaya. Idan magani ne, Allah bai hana neman magani ba. Ki shirya."

Masu binciken suka ɗauki nauyin maganin, don kuɗinsa ya fi ƙarfin duk danginmu. Kuɗin jirgi zuwa Faransa da na zama a can namu ne. Baba ya sayar da filinsa.

Kada kowa ya ce muku allura ɗaya ce. An yi wata uku ana canza mini jini. Sau biyu aka ɗaura ni a na'urar tatso ƙwayoyin. Sannan shimiyo, irin maganin masu ciwon daji, don a share tsohon ɓargo. An gaya mini ƙila ya hana ni haihuwa, aka ciri ƙwai aka adana. Na sa hannu da idona buɗe.

Bayan shimiyo aka mayar mini da ƙwayoyin da aka gyara. Gashina ya zube. Bakina ya zama gyambo, ko yawu ba na iya haɗiyewa. Sati biyar a ɗakin da ba mai shiga sai da takunkumi. Na ji tsoro, musamman ranar da zazzaɓi ya kama ni jikina ba shi da garkuwa ko kaɗan. Kowace safiya nakan sa a rubuta mini sakamakon gwaji a takarda, in kwatanta da na jiya. Rana ta ashirin da biyu lambar ƙwayoyin garkuwar jikina ta motsa.

Yau wata tara ban kwanta ba, ba a ƙara mini jini ba. Ƙuguna da ciwon ya riga ya ci bai dawo ba, ina ɗingishi. Za a yi shekaru ana bibiyata, kuma likitar ba ta yarda ta ce an gama ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Baba, Inna da Yaya Umaru, da duk wanda ya taɓa miƙa hannu aka ɗebi jininsa domina. Useko, in ji Fulani, Allah ya saka.

Na san ba kowa zai samu abin da na samu ba. Amma gwajin jini kafin aure yana nan Garwa, ku yi. Ni kaina har yanzu zan iya gadar wa ɗana S. Duk wanda ya ce yana sayar da wannan magani a kwalba, maƙaryaci ne. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi kuma kada a jira gobe.

Iyaye mata, duk Asabar da hantsi ina zama a ƙofar ɗakin yara na lopital. Wadda ba ta jin Faransanci ta zo da takardunta, zan shiga da ita wurin likita. Ku daina ɓoye yaran nan a ɗaki.