Wa Ya Haife Su?

"Hajiya, a nan ba ma hukunta yaro don ya yi tambaya." Haka ka ce min, Shugaban Makaranta, ranar da na kawo 'yata Nafisa.

Jiya sai ga ta da takardar dakatarwa, wai ta yi maganar da ba ta dace ba a kan halitta. Kowa ya san inda irin wannan zargi yake kai mutum. Daga unguwarmu Abakpa har ofis ɗinka addu'a nake yi.

Ashe a kan hoton nan ne na ajin bayoloji, na biri yana miƙewa har ya zama mutum. Na sa ta maimaita a gabanka abin da ta ce wa malaminsu.

"Cewa na yi, Malam, duk maza ne a jere, to wa ya haife su? A tatsuniyar Kaka ma, ba a tuna da mace sai za a ce taɓaryarta ce ta bugi sama har ta yi mana nisa."

Wallahi sai a lokacin na samu numfashi. Ba addini ta taɓa ba, girman kan malami ta taɓa, don 'yan aji sun yi dariya.

Alhamdulillahi, ka janye dakatarwar, yau tana aji. Amma takardar tana nan cikin fayil ɗinta. Ka cire ta kafin Juma'a, ko kuma ran Asabar in karanta ta a taron iyaye, in maimaita tambayar.

In ce: iyaye mata, ku wace amsa za ku ba ta?