Bunsurun da Na Hana Dakta Uwaisu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Dakta Uwaisu Mika'ilu, malamin kimiyyar dabbobi a jami'a. An ce yana gonar makaranta yana nuna wa ɗalibai yadda ake gane shekarun tunkiya daga haƙoranta, sai ya ce kansa na juyawa, ya zauna. Shi ke nan. Shekararsa hamsin da ɗaya. Ni Talle Sama'ilu na Unguwar Kanya a ƙasar Minjibir, da na haura tamanin, wai ni ne nake wa wannan yaro ta'aziyya. Ban yi boko ba. Liman Ikrima ke rubutawa, na kuma ce kada ya gyara mini magana.

Dakta, har yanzu zuciyata ba ta yarda ba. Litinin ɗin nan fa kana kan tabarmata.

Shekara tara ke nan da ka fara zuwa mana da akwatin lambobin roba, kana so ka maƙala su a kunnen awakinmu don ka riƙa bin haihuwarsu. Na tare ƙofa na ce, "Dabba mai hudajjen kunne, wa zai yi layya da ita hankali kwance?" Gari duka ya bi bayana. Ba ka zaro mana takarda ba. Sai dai ka ce, "Baba, wannan ba a koya mini a aji ba." Bayan mako ka dawo da lambobin an ɗinke su cikin fata, ka rataya wa kowace a wuya. Mata suka ce Dakta ya kawo wa awaki laya. Tani, maiɗakina, ta leƙo ta ce, "In ta tagwaye ce, ina tawa?" Ka yi dariya har ka zauna a kan turmi.

Shekarar da zawo da majina suka share awakin ƙauyukan da ke kewaye da mu, kwana huɗu ka yi kana bin gida gida da allurar rigakafi, ko gidan gwauruwa mai akuya ɗaya ba ka tsallake ba. Ka kan zo da ɗalibanka ka zaunar da su a ƙasa, ka ce yau Baba ne malami. In jero musu zuriyar Ƙyalla, akuyar kakata, uwa bayan uwa, suna rubutawa. A nan garinmu gona har jikin katanga take, daga ruwan fari zuwa kaka dabba a turke take kwana take wuni. Kai ka auna ka tabbatar da abin da na daɗe ina faɗa ana ce mini surutun tsufa: jinin Ƙyalla ba ya ramewa a turke, kuma tagwaye yake haifa.

Bunsuru ɗaya ya rage na wannan jini. Shekara uku kana roƙona aronsa, ka kai shi gonar jami'a ya hau awaki, don irin ya yaɗu kafin ya ƙare. Shekara uku ina cewa abin kakata ba ya kwana a birni. Bara ka ce mini, "Baba, bunsuru na tsufa." Na ce, "Kai dai yaro ne, kana da lokaci." Da bakina na faɗi haka, Dakta.

Litinin na amince. Ka ce Alhamis za ka zo da kanka. Alhamis da hantsi na wanke shi, na sa masa sabuwar igiya, na ɗaure shi a gindin darbejiya, na zauna jira. Motar jami'a ta zo. Abokin aikinka Dakta Kamilu ne ya fito shi kaɗai, ya durƙusa gabana ya faɗa mini rasuwarka. Ashe tun jiya da yamma an kai ka makwancinka. Ko sallarka ban samu ba.

Ka yafe mini. Ɗalibansa kuma, ku ji ni: ku zo ku ɗauki dabbar nan ku ƙarasa aikin malaminku. Kada ku yi mini kunya, kada ku ce sai an share makoki. Na ga abin da jira yake yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace akuya da ta rayu ta hannunka ta zame maka shaida. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da maiɗakinka Hajiya Aina'u, da 'ya'yanka, da malamai da ɗalibai. Allah Ya ba su haƙurin da ni tsoho na kasa samu. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, ba tare da mun riƙe wa kowa alherin da ya roƙa ba.