Don Anselmo, Wanda Ya Ƙi Cafe Ƙwallo

Kullum da sassafe, kafin motocin rake su fara wucewa a bayan garin San Pedro, Don Anselmo yana filin besbol, wasan da ake jifan ƙwallo a buge shi da sanda. Zai yayyafa wa tudun jifa ruwa, ya sa tsohuwar safarsa ta fata a hannun hagu, ya tsuguna. Yara su yi ta jifa, shi ya yi ta cafewa. Ba koci ba ne, ba mai gadi ba ne. In ka tambayi 'yan unguwa sunan aikinsa, sai su ce, "To, shi dai yana cafewa."

Yeuri ya zo hannunsa tun yana jifan murfin jarka a lungu. A gaban tsohon ya yi tsawo, kafaɗarsa ta buɗe, jifansa ya fara ƙara a cikin safa kamar an fasa gora. Koci Radhamés kan tambaya, "Tsoho, yaya ka ga yaron nan?" Amsar ba ta sauyawa: "Yana tafe." Ina ya kai? Yaushe zai iso? Ba ya faɗa.

Bara Yeuri ya cika sha shida, shekarar da manyan ƙungiyoyi ke ɗaukar yara. Ranar gwaji, masu neman 'yan wasa suka zo da na'urar auna gudun ƙwallo. Wanda ranar nan ta wuce shi, da wuya su sake waiwayarsa. Mahaifiyarsa, Doña Nereida, ta rufe rumfar soyayyar ayabarta ta zo sanye da sabuwar riga.

Yeuri ya hau tudu, ya yi alamar gicciye da hannu, daga goshi zuwa ƙirji, kamar yadda duk mai jifa ke yi a nan. Sai Don Anselmo ya miƙe, ya cire safa, ya sa ƙwallon a aljihu.

"Tsoho, fitsari ya kama ka ne?" in ji Radhamés.

"Ba zan cafe ba. Kuma kada wani ya cafe masa."

Doña Nereida ta taso. "Anselmo, me ɗana ya yi maka? Ko tsufa ne ya hau maka kai?"

Tsohon ya juya wajen Yeuri. Ya taka har tudun, ya ce a hankali, "Ɗana, sake gicciyen nan in gani. Da dama."

Yaron ya ɗaga hannun dama. Bai kai goshi ba ya cije leɓe, hawaye ya zubo. Ashe da hagu ya yi na farko, abin da ko jariri ba a koya masa a garin nan. Gwiwar hannunsa ta daɗe tana ciwo, ya ɓoye wa kowa don kada ranar ta kuɓuce. Baƙin suka naɗe kayansu suka tafi.

Likita ya ce a huta wata da watanni. Ya kuma ce wataƙila da ya yi jifan ba abin da zai faru, wataƙila kuma jijiyar ta tsinke. Wannan "wataƙila" ita ta raba unguwa biyu har yau. Doña Nereida tana aika wa tsohon abinci, amma ba ta gaishe shi. Shi kansa da aka tambaye shi ko ya yi daidai, sai ya daɗe yana kallon tafinsa da ya kumbura, ya ce, "Ban sani ba. Na dai ga hannun."

Don Anselmo, kai ne ka ga hannun. Kowa yana kallon na'ura, kai kana kallon yaro. Kai ne ka yarda a zage ka a gaban baƙi a kan abin da kai ma ba ka da tabbacinsa. Yanzu gwiwoyinka sun ƙi tsuguno, ka rataye safa, mun rasa ma da wane suna za mu yi maka bankwana. Mun gode, Baba. Masu kula da 'ya'yan mutane, ku riƙa duban yaron kafin ku dubi jifansa.

Yeuri ya dawo fili a watan jiya. Har yanzu ba wanda ya ɗauke shi. Ya hau tudu, ya juya wajen kujerar da tsohon ke zaune a kai, ya ɗaga hannun dama har goshi.

"Yaya ka gani?" in ji Radhamés.

"Yana tafe."