Layin da Ya Ƙi Ɓacewa

Baba Ƙanƙara muke ce masa, har Farfesa ma haka yake kiransa, kuma bai taɓa nuna ya damu ba. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana kula da ɗakin bincikenmu. Gajere ne, ga furfura, ga tabarau ɗaure da zare. Ko kwalba ka ɗauko daga firji za ka yi taku uku da ita, sai ka ji muryarsa a bayanka: "A kan ƙanƙara, don Allah." Matarsa ta taɓa gaya mini cewa a gida ma sai da ya bi robobin firji yana rubuta musu kwanan wata, har ta yi masa iyaka da kicin. Bai yi digiri ba, amma ban san yawan daktocin da ya koya wa wanke kwalba ba.

Aikinmu a baki ba wuya. Ƙwayoyin jiki suna aika wa juna saƙo, kuma idan saƙo ya iso, sai a liƙa wa wani furotin ɗan abin da ake kira fosfet, daga nan ya tashi aiki. Fosfet ɗin nan ba ya jimirin ɗumi, nan da nan ake cire shi, shi ya sa Baba ya hana mu sakat. Mu kuma muna sayen antibodi, wani ruwa ne ɗan mitsitsi wanda aka ce ba ya kama furotin sai yana ɗauke da fosfet, kamar mai gadin da ba ya gane ka sai da hula a kanka. Mukan fasa ƙwayoyin, mu shimfiɗa furotin ɗinsu a kan wata farar takarda ta musamman, mu zuba antibodin. Inda ya kama, sai baƙin layi ya fito a fim irin na ɗaukar hoto.

Ni layina ya fito, baƙi ƙirin, kyakkyawa. A kansa na gina aikin digirina na shekara uku, saura wata biyu in kare shi a gaban malamai. Mahaifiyata har ta kai ɗinki.

Wata Talata da hantsi ina liƙa hotunan fim, Baba ya tsaya a kaina yana goge hannu.

"'Yata, kin taɓa cire masa hular kuwa?"

Na gane nufinsa. Akwai sinadarin da ke wanke fosfet tas. Sai a raba takardar biyu, a wanke rabi, a bar rabi. Idan antibodin mai gaskiya ne, layin zai ɓace a rabin da aka wanke.

"Baba, kamfanin ya gwada. Ga shi a rubuce jikin kwali."

"Kamfani ya gwada nasa. Ke kin gwada naki?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce masa lokaci ya ƙure, na ce Farfesa ya gani ya yaba, har na ce wata maganar da nake jin kunyarta har yau, wai wannan ba hurumin mai haɗa ruwan gwaji ba ne. Ya tafi, ya dawo da bokitin ƙanƙara da ɗan bututun sinadarin a tsakiya, ya ajiye a teburina, ya koma wankin kwalabensa.

Kwana huɗu ina zagaye bokitin. Kullum da safe sai in tarar an sabunta ƙanƙarar, an sa sabon bututu. Ko gaisuwa na rage masa, shi kuwa kullum sai ya tambaye ni lafiyar mahaifiyata. A rana ta biyar na yi gwajin, don kawai in rufe masa baki.

Washegari da azahar na fito daga ɗakin wanke fim, na ɗaga shi a gaban taga. Layin yana nan a rabin farko. Yana nan kuma a rabin da na wanke, baƙi yadda yake, ko dusashewa bai yi ba. Antibodin ba fosfet yake gani ba, wani abu dabam yake kamawa. Shekara uku ina auna abin da babu.

Na zauna a kan kujerar da ke kusa da famfo na yi kuka sosai. Baba ya kashe ruwan, ya jawo kujera, ya bar ni na gama. Sannan ya buɗe aljihun teburinsa ya ciro wani fim ya ajiye kusa da nawa. Iri ɗaya ne sak. A kusurwa ga rubutunsa, kwanan watan ya kai mako uku.

"Ashe ka sani?"

"Na yi zargi, sai na gwada da ragowar da kika zubar."

"Me ya hana ka kai wa Farfesa?"

Ya cire tabaran ya goge da gefen farar rigarsa. "Idan ni na kai, an kama ki ke nan. Idan ke kika kai, ke kika gano. Shekara ɗaya za ki ƙara, 'yata. Kunyar a kama ki kuwa har ki tsufa tana bin ki."

Ya ɗauki nasa fim ɗin, ya sa almakashi ya yanka shi gutsi-gutsi a kwandon shara.

Na wanke fuskata, na ɗauki nawa. Ofishin Farfesa yana ƙarshen baranda, ban taɓa ganin nisansa ba sai ranar. Baba ya raka ni har bakin ƙofa, ya tsaya ya sa hannuwa a baya.

"Ba za ka shigo ba?"

"Me zan shiga yi? Ai ni ban ga komai ba."

Na ƙwanƙwasa.