Ƙusar Baba

A gidan burodin da na yi aiki a Yalwawa, kowa na da ƙusarsa a bango, inda yake rataye rigar aiki. Maigidanmu Alhaji mutum ne mai kunya, ba ya iya kallon idonka ya ce ya sallame ka. Sai dai ka je biki ko jinya, ka dawo ka tarar da rigar wani a ƙusarka. Shi ke nan, ka san inda dare ya yi maka. Saboda haka ko zazzaɓi ke kaɗa mu, ba mai neman hutu.

Da tsufa ya kama Alhaji, 'yarsa Hajiya ta karɓi gidan, ta kuma sayo injin kwaɓa fulawa. Mu masu kwaɓi da hannu muka shiga uku. Wanda ya fi mu shiga uku shi ne Baba, dattijo ɗan Aujara, wanda tun kafin a haife ni yake kwaɓi. Ga ruwan shuka ya sauka, gonarsa na jira, ga inji yana harararsa. Na ce masa, “Baba, in ka tafi, wallahi injin nan ne zai rataye riga a ƙusarka.” Da wasa na faɗa, amma bai yi dariya ba, ni ma sai na ji kunya.

Wata safiya Hajiya ta same shi yana leƙen hadari ta taga. Ta ce, “Baba, ba ku je shuka ba?” Ya yi ta kame-kame. Ni da bakina ba ya shiru, na ce, “Ranki ya daɗe, ƙusa yake tsoro.” Ashe ba ta ma san da zancen ba. Da ta ji, ta tara mu duka. Ta ce za ta ƙara kai burodi har Taura, hannu ma nema take. “Wanda aikinsa bai yi ba, ni zan gaya masa a gabansa, in gaya masa dalili. Baba, ku je ku yi shuka.”

Mun ce to, amma a zuci mun ce a juri zuwa rafi. Mun saba jin daɗin baki. Da Baba ya tafi, kullum in na shigo, ƙusarsa nake fara dubawa. Rannan na ga babu riga, gabana ya faɗi.

Ranar da ya dawo, ƙafarsa duk jar ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa ɗaga kai. Ni na kama hannunsa muka shiga. Rigarsa na nan a ƙusarsa. Wanki Hajiya ta bayar da ita, har an ɗinke aljihun da ya yage.

Baba ya shafa ta, ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “To wa ya ce a sa mini sabulu mai ƙanshin amare?”

Washegari na je na nemi izinin kai mahaifiyata asibiti. Na rataye rigata na fita, ban waiwayi bango ba.