Abin da Athol Ya Bar Mini a Bangon Yamma

Wanda ya ba mu aron Athol Rattray ya karɓi abinsa. Ya rasu ranar Talata, shida ga watan Mayu, da hantsi, a asibitin Burnie, ana yayyafi. Ƙanwarsa Dulcie ce ta bugo mini waya. Ina tsaye a kicin a lokacin, na ɗora miyar kabewa ta mutum biyu, domin ya ce mini gwaji kawai za a yi masa ya dawo bakin aiki. Na yi mata godiya, na ajiye wayar, na kashe wuta. Ban yi kuka ba sai da na leƙa taga na ga tsaninsa jingine da bango.

Athol, tun daga bakin tashar jiragen ruwa ta Stanley har gonakin dankali da ke bayan gari, babu gidan dutsen da hannunka bai taɓa ba. Kai ba mai yawan magana ba ne, kuma ɗan abin da kake faɗa rabinsa gunaguni ne. Ka tsani siminti kamar ya kashe maka wani. In ka zo wucewa ta gidan da aka yaɓa wa shi, sai ka rage gudun a-kori-kurarka, ka ja tsaki, ka ƙara gaba. Amma duk ranar da aka wayi gari bayan babban hadari, kai ne na farko a ƙofar tsofaffin garin nan. Ba wanda ya kira ka. Za ka hau ka kwashe ganyen da ya toshe indararo, ka duba bututun hayaƙi, ka sauko kana faɗa wai mun bar gidajenmu kamar marayu. In an yi maka godiya ka ce dama hanyarka ce, alhali kowa ya san gidanka yana can ɗaya gefen.

Shekarar da ƙasa ta zame a maƙabarta har dutsen kabarin mijina Clarrie ya karkace, ban faɗa wa kowa ba, don ba ni da ƙarfin gyarawa kuma ina jin nauyin roƙo. Wata Lahadi na je da furanni na tarar da shi tsaye cak, an sake masa gindi. Da na tare ka da maganar sai ka ce wai karkacewar ce take damun idonka duk lokacin da ka je wurin mahaifiyarka. Haka kake, ba ka taɓa yarda an kama ka kana alheri ba.

Gidan nan kakan Clarrie ne ya gina shi, da dutsen da aka farfaso a bakin teku. Tun muna sabon aure bangon yamma yake ɗan tsattsafo, shi ne Clarrie ya sayo siminti ya bi tsakanin duwatsun ya liƙe tas, kamar yadda kowa ya yi a zamanin. Yana alfahari da aikin har ya koma ga Allah. Bangon kuwa sai ya ƙara lalacewa. Ruwa ya shiga ta fuskar dutse, ya rasa ta inda zai fita, sai ya ɓullo mini a ɗakin kwana. Takardar bango ta ɓare, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a bayan gado. Bara da sanyi ƙirjina ya kama, na kwanta asibiti.

A nan ne 'yata Glenys ta yanke hukunci. Ta zo daga Launceston da takardun wani gidan kula da tsofaffi, mai tsabta, mai ɗumi, ba na musu. Ta ce in bangon nan ya sake jiƙewa a sanyin bana, za ta kwashe ni, ko ina so ko ba na so. Ban ga laifinta ba, tsoro ne ya sa ta. Amma a ɗakin nan na haife ta, a ɗakin nan na rufe wa ubanta ido, kuma daga tagarsa nake ganin inda jirginsa na kamun kifi yake shigowa. Na ce mata gawata ce za ta bar gidan nan. Ta ce abin da take gudu ke nan.

Da na kawo maka kukana, ka zo ka daɗe kana ƙwanƙwasa bangon. Na san bakinka cike yake da zagin wanda ya yi aikin, amma ka haɗiye. Ka ce, "Misis Dunkley, Clarrie ya san teku. Allah ya jiƙansa." Iyakar abin da ka faɗa ke nan. Daga baya ka yi mini bayani a taƙaice, cewa bango a wurinmu dole ya jiƙe, abin nema shi ne ya samu ta inda zai bushe, kuma farar ƙasa ce take barinsa ya yi numfashi. Sai an ɓanɓare simintin nan duka, gaɓa bayan gaɓa a tsakanin duwatsun, a cusa kwaɓin farar ƙasa da yashi. Shekara hamsin muna gaisawa, ban taɓa jin ka kira ni Merle ba.

Ka fara a watan Janairu. Tun mutuwar Clarrie ba a yi hayaniya a gidan nan irin ta watannin nan ba. Ina farkawa da ƙarar guduma, ina gasa burodi saboda akwai mai ci, ina da wanda zan yi wa faɗa. Kafin zuwanka sai in wuni ban buɗe baki ba, har in ji muryata ta shaƙe in an bugo waya. Ban taɓa faɗa maka haka ba, kai ma ba ka tambaya ba.

Sai dai aikin naka ya ɗaure mini kai. Ka gama sama tun daga ƙarƙashin rufi, ina jira ka biyo ƙasa a jere kamar yadda na ga kana yi a gidajen mutane, sai ka tsallake tsakiya ka durƙusa a gindin bango. Tsakiyar kuwa ka ɓanɓare mata siminti tas, ka share ƙurar, ka bar ta a buɗe, ka rataya mata tsofaffin buhunan dankali. Na ce maka ka ɗaura wa gidana ɗamara kamar mai shirin dambe. Na ce tsufa ya fara taɓa maka kai. Ka ce in bar magini da aikinsa, ni ma ba ka koya mini dafa kabewa ba, ko da yake akwai gyara.

Wata rana ka kira ni waje, wai hannunka ya yi kanta ba ka jin danshi. Ka ce in taɓa maka wancan dutse, in miƙa hannu sama, in ƙara, har inda zan iya. Sannan ka ce in taɓa na ƙasa ba tare da na sunkuya ba, tunda ka san gwiwoyina. Na yi ina mita, kai kuma kana ɗan zana alli a jikin dutse. Bayan wannan sai ka tsiro da ciwon kafaɗa. Kullum bayan shayin rana ka miƙo mini safar hannu da ɗan siririn ƙarfen da ake cusa kwaɓi da shi, ka ce in taimaka wa tsoho. Ka sa ni na jiƙa gaɓa, na cusa, na danna, na jira ya ɗan yi tauri, na buge shi da buroshi. In na yi sauri ka ce ba man shanu nake shafa wa burodi ba. In na zuba ruwa da yawa a kwaɓi ka ce miya na dama. Na rantse maka sai na cire ladana daga naka, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Na ji tarin nan, Athol, na ga yadda wandonka yake zamewa, amma na ɗauka wahalar aiki ce.

Ranar jana'izarka coci ya cika, har da masunta da ba su taɓa taka ƙofarsa ba sai an yi mutuwa. Bayan an tashi Glenys ta rako ni gida. Ta zagaya bayan ɗaki, ta ɗaga buhu ɗaya, ta ga ramuka tsakanin duwatsu har yatsa yana shigewa, ga Yuni, farkon sanyi da ruwa a nan, ya ƙarato. Ta ce, "Mama, yanzu wa zai ƙarasa? Babu wani mai irin aikin nan a duk yankin, kin sani." Ta ce za ta dawo farkon wata da akwatuna. Gaskiya a ranar na ji haushinka. Na ce ka yi ta wasa da sama da ƙasa, ka tafi ka bar ni da bango a buɗe.

Washegari Dulcie ta zo ɗaukar motarka. Muna shan shayi take gaya mini cewa tun kafin Kirsimeti likita ya faɗa maka ba za ka ga ƙarshen sanyin bana ba, ka kuma hana ta faɗa wa kowa. Ta ce ta roƙe ka ka huta, ka ce akwai bango ɗaya.

Da ta tafi na fita na tsaya a gaban buhunan nan. Na yaye ɗaya. Na miƙa hannu sama, sai yatsuna suka tsaya daidai inda sabon kwaɓinka ya ƙare, ga ɗan zanen alli bai gama wankewa ba. Na sauke hannu, ya tsaya daidai inda na ƙasa ya fara. Na bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko'ina haka. Duk inda ake bukatar tsani ka yi, duk inda ake bukatar durƙuso ka yi, duk inda ake bukatar guduma ka yi. Na waiwaya na ga durom ɗin farar ƙasa a rufe, da ruwa kwance a kanta yadda ka ce kada in bari ya ƙafe, yashi a tankaɗe, allon kwaɓi a kan tsohuwar ƙofa da ka ɗora bisa duwatsu daidai ƙuguna. Ashe ranar nan ba danshi kake nema ba, ni kake aunawa. Na zauna a kan bokitinka na yi kukan da ban yi a coci ba.

Tun daga ranar nake bakin bango. Ina fita in rana ta ɗan leƙo, in koma ciki in ruwa ya sauko, in rufe abin da na yi da buhu. Aikina bai kai naka kyau ba, ko makaho ya shafa zai gane inda hannu ya canza. Ba mai cewa na yi sauri, ba mai cewa na dama miya, shi ya sa nake faɗa wa kaina da muryarka. Wuni nake ba na jin komai sai iska da tsuntsayen teku. Kaɗaicin ya fi na da ciwo, domin na ɗanɗana wani abu dabam.

Da na kai gaɓar ƙarshe, kusa da tagar ɗakina, na kasa. Na bar ta kwanaki a ƙarƙashin buhu, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Gani nake muddin tana buɗe, aikin Athol bai ƙare ba, tsaninsa yana da dalilin tsayawa a nan. Amma na san abin da za ka ce a kan barin ƙofa ga ruwa saboda son zuciya. Na jiƙa ta, na cusa, na danna, na buge.

Shekaranjiya aka yi ruwa na farko mai ƙarfi daga ɓangaren yamma, irin mai zuwa a kwance. Jiya Glenys ta iso da akwatunanta. Ta zagaya baya ta daɗe, sannan ta shiga ɗakin kwana ta janye gado ta ɗora tafin hannu a bango. Ta matsa gaba ta sake ɗorawa. Ta dubi hannuwana da farar ƙasa ta tsattsaga, ta ce, "To, Mama. Bana dai." Akwatunan ba su fito daga mota ba.

Ina nan a gidana, Athol, kamar yadda ka so. Ba mai ƙwanƙwasa bango da safe, kuma na koma dafa miyar mutum ɗaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dulcie, wadda ta riƙe maka sirri tana kallon kana ƙarewa, da 'ya'yanta, da duk tsofaffin garin nan da za su wayi gari bayan hadari su yi ta duban hanya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya dubi gwiwoyin da ka durƙusa a kansu cikin laka saboda wasu, ya yi maka rahama. Ya ba ka masauki mai ɗumi inda ruwa ba ya shiga. Mu kuma da ka bari, in namu lokacin ya zo, Allah ya sa mu bar wa na baya abin da hannunsu zai iya kaiwa. Amin.

Merle Dunkley
Stanley, Tasmaniya