Ranar da Tasalla Ta Kira Sunan 'Yarta

Tasalla na cikin kwaɓa lalle a ƙoƙo, kamar kowace safiya, tana ɗiga masa ruwan lemun tsami, sai 'yarta ta shigo ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu.

Duk unguwar Briqueterie an san hannun Tasalla. Da ƙuruciya ta zo daga Garwa, ta tsufa tana riƙe da ƙafafun mata: na amare, na masu jego, na matan unguwar Ekoudou da ke biyo ta har gida. A shekarun nan da darajar kuɗin sefa ta karye, mata sun rage nama a miya, amma ba su bar lalle ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ƙare wa kallo ba: Safinatu, 'yarta ta fari. Kunyar ɗan fari ta hana ta ambaton sunan yarinyar tun ranar suna, "ke" take ce mata. Surukinta kuwa, Misbahu mahauci, in ta hango shi a lungu sai ta ja gyale ta sauya hanya. Ga cikin Safinatu ya tsufa, amma ko sau ɗaya ba su yi zancensa ba.

"Inna, a sa mini a tafin ƙafa kawai. Takalma ma sun ƙi ni."

"Wa ya aike ki ki cinye tsiren mijinki?"

Ta kama ƙafar. Babban yatsanta ya nutse kamar a cikin ƙullu. Ta ɗaga, gurbin ya tsaya, ya ƙi cikowa.

Ta san wannan gurbin. Haka ƙafar ƙanwarta Altine ta yi lokacin da take da ciki, mata na ta guɗa wai tagwaye ne. Da la'asar Altine ta faɗi tana jijjiga, ta taune harshe, ba ta ƙara farfaɗowa ba. Ungozomar asibiti ta ce mabiyiya ce ke sakin wasu 'yan abubuwa cikin jinin uwa, ido ba ya ganinsu, sai jini ya hau. "Da kun zo tun tana ciwon kai," in ji ta, ba ta ƙarasa ba.

Tasalla ta ɗaga ido, ta dubi fuskar 'yarta sosai. Fatar idon ta tasa. Zobe ya nutse a yatsa.

"Kanki na ciwo?"

"Kwana biyun nan. Har wasu taurari nake gani suna gilmawa."

"Kin gaya masa?"

"Inna, da wane bakin?"

Tsakar gida shiru, duk an tafi kasuwa. Ba wanda za a aika, kuma ba a kai matar aure asibiti a bayan idon mijinta. Misbahu na can teburinsa, tsakiyar mahauta, inda za su ajiye wuƙaƙe su kalli surukuwa tana magana da suruki. Ta sake duban ƙafar. Gurbin yana nan.

"Safinatu."

Yarinyar ta zabura, kamar an kira wata.

"Kwanta. Kada ki tashi, ko ruwa ne ya ƙone a wuta."

"Ina za ki, ga lalle a hannunki?"

"Wurin mijinki."

Ta yafa gyale a baibai, ta ɗaga labule da hannun lallen, ta fita.